Kuɗin Hayar da Ya Shigo Cikin Takaba: Nazarin Harajin Wata Dukiyar Gado a Kano

Marigayin ya rasu ne a makon ƙarshe na watan Disambar 2023, bayan gajeriyar jinya, yana ma'aikacin wani kamfani mai zaman kansa a rukunin masana'antu na Sharaɗa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, maza biyu da mata uku, kuma iyayensa duk sun riga shi gidan gaskiya. Ban da gidan da iyalin ke zaune a ciki, ya bar wani bene a yankin Tarauni wanda ya kammala a shekarar 2021, da hannun jari a wasu kamfanoni, da asusun fansho. Ƙasan benen wani kamfanin rarraba magunguna ne ke haya a kan naira miliyan 4 a shekara, samansa kuwa gida biyu ne, kowanne naira 800,000, kuma dukkan 'yan hayar a watan Janairu suke sabunta zamansu. Na sakaya sunayen mutanen gidan, na kuma dunƙule alƙaluman kuɗin domin lissafi ya fito sarari, amma tsarin al'amarin yana nan yadda ya faru.

Da bankin marigayin ya samu labarin rasuwarsa, ya dakatar da asusunsa har sai an kawo takardun kotu, kamar yadda aka saba. Janairu ya kama, 'yan haya suka tambayi inda za su zuba kuɗi, sai ƙanin marigayin, wanda yaran ke kira Baffa, ya ba su lambar asusun Hajiya, don ita ce ke riƙe da gida da cefane da kuɗin makaranta. Babu wanda ya yi nufin wani abu face sauƙi. Haka kuɗin hayar shekara guda ya shiga asusun matar da ke zaune a ɗaki cikin takaba, wadda ba ta ko duba saƙon banki a wayarta sai babban ɗanta ya karanta mata. Ranar 31 ga Maris, wadda ita ce wa'adin da doka ta ba kowane mutum ya bayyana wa hukumar haraji kuɗin da ya samu a shekarar da ta gabata, ta zo ta wuce ana tsakiyar azumi, ba wanda ya tuna da ita. Hajiya ba ta fita takaba ba sai farkon watan Mayu.

Maganar ta taso ne wajen watan Oktoba, lokacin da takarda ta zo daga Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano da sunan marigayin, ana neman ya bayyana kuɗin hayar da yake karɓa. Ba abin mamaki ba ne, domin kamfanin da ke ƙasan benen yana cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya yana miƙa wa hukuma da lambar harajin mai gidan, kuma babu wanda ya sanar da hukumar cewa mai gidan ya bar duniya. A wannan gaɓar aka kira ni in duba musu lissafin harajin. Na tarar da Hajiya a falo ta ajiye takardar a kan wata tsohuwar jakar fata ta mijinta, wadda ke cike da rasit-rasit da littafin karɓar haya mai kwafin kabon, shafinsa na ƙarshe ɗauke da rubutun hannunsa. Ta ce da ni, “Malam, mutumin nan yana kabarinsa, ƙasa ta rufe masa ido, ana aiko masa da takarda. Idan bashi ne a kansa ku gaya mini in sayar da sarƙata in biya, ba na son ya kwana da nauyin kowa.”

Baffa kuwa ra'ayinsa daban ne, kuma ya kafe a kai. A ganinsa ba a karɓar haraji a kan gado, marayu da matar mamaci ba sa biyan haraji, sannan yayansa yana biyan kuɗin ƙasa a ma'aikatar filaye duk shekara, saboda haka babu sauran wata magana. Akwai tarihi a bayan wannan fahimta, kuma bai kamata a raina ta ba. Harajin da iyayenmu suka sani, wanda dagatai da masu unguwanni ke karɓa, a kan maza baligai yake, kuma gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke shi tare da jangali bayan hawanta mulki a 1979, har dattawa da dama suka riƙe cewa an gama da haraji ke nan. Haka kuma Baffa ya yi daidai a kan gado, domin dokar da ta ɗora haraji a kan dukiyar da ta koma hannun magada, wadda aka kafa a 1979, an soke ta a 1996, kuma abin da ake biya a rajistar babbar kotu wajen neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci kuɗin kotu ne, ba harajin gado ba, ko da yake yakan tuna wa tsofaffi ushirar da alƙalai ke cirewa a zamanin En'e. Inda ya kuskure shi ne ya haɗa benen da abin da benen ke haifarwa. Benen gado ne, ba a taɓa shi. Kuɗin hayar da yake kawowa kuwa kuɗin shiga ne, kuma Dokar Harajin Kuɗin Shiga na Mutum ta 1993, wadda aka yi wa babban gyara a 2011, wadda kuma ita ke aiki a lokacin, ta ambaci kuɗin haya cikin abubuwan da ake biya wa haraji, ba tare da ta ware mace ko maraya ba. Kuɗin ƙasa shi ma hakkinsa daban, kamar yadda zakka take da nata hukuncin, ɗaya ba ya ɗauke ɗaya.

Aikin farko da muka yi shi ne muka ja layi a kan ranar rasuwa, muka bi kowace naira da ta shigo bayanta muna tambayar lokacin da aka same ta, ba lokacin da ta iso ba. Wannan tambayar ita ce gishirin lamarin gaba ɗaya, kuma shari'ar Musulunci da dokar haraji sun haɗu a kanta fiye da yadda mutane ke zato. Abin da mamaci ya riga ya cancanta kafin numfashinsa ya yanke nasa ne, ko da bayan shekara aka kawo shi, yana shiga dukiyar da za a biya bashi da wasiyya daga cikinta kafin a raba. Abin da dukiyar ta haifar bayan rasuwa kuwa na magada ne, kowa gwargwadon rabonsa.

Wasu kuɗaɗen ba su ba mu wahala ba. Albashinsa na Disamba, wanda kamfaninsa ya biya a Janairu, an riga an cire masa haraji tun daga tushe kamar na kowane ma'aikaci. Abin da ke asusun fanshonsa da kuɗin inshorar rai ta ma'aikata, wadda Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikacinsa a kan abin da bai gaza ninki uku na albashin shekara ba, duk doka ta yafe musu haraji, haka ma garatutin mutuwa. Ribar hannun jari ana cire mata kashi 10 cikin 100 kafin a biya, kuma ga ɗaiɗaikun mutane wannan cirewar ita ce harajinta na ƙarshe. Abin da ya rage a nan shi ne a mayar da hannun jarin sunan magada wajen masu rajistar kamfanonin, kuma na matsa a yi da wuri, domin tun Dokar Kuɗi ta 2020 ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba tana komawa wani asusun amana na gwamnatin tarayya, ana iya nemanta daga baya amma da ƙarin zirga-zirga. Akwai kuma naira 200,000 da ɗaya daga cikin 'yan hayar sama ya biya a Fabrairu, cikon bashin hayar 2023. Wannan mun cire shi daga lissafin magada muka mayar da shi ɓangaren marigayin.

Kuɗin hayar 2024 ne ya zaunar da mu. Jimillarsa naira miliyan 5.6, amma abin da ya shiga asusun Hajiya miliyan 5.2 ne, saboda kamfanin ya cire naira 400,000 ya miƙa wa hukuma. A daminar shekarar rufin benen ya yi yoyo har silin ɗaki biyu ya zubo, famfon rijiyar burtsatse kuma ya ƙone, aka kashe naira 800,000 wajen gyara. Doka ta yarda a cire kuɗin gyaran gidan haya kafin a lissafa haraji, muddin gyara ne ba sabon gini ba, kuma muddin akwai shaida. A nan ne ɗabi'ar Hajiya ta yi mata rana, domin tun tana takaba ta hana a jefar da kowace takarda, duk rasit ɗin kwanon rufi da siminti da na mai gyaran famfo ta sa an zuba su cikin jakar mijinta. Ɗaya daga ciki ma a bayan kwalin ƙusa kafinta ya rubuta shi da biro, muka nemo shi a Ƙofar Ruwa ya sake rubutawa a takarda ya sa hannu. Bayan cire gyara, abin da ya rage naira miliyan 4.8 ne.

Yanzu sai a dubi bambancin da ke tsakanin hanyoyi biyu. Da an ɗauki wannan kuɗi a matsayin na Hajiya ita kaɗai, don kawai a asusunta ya sauka, da lissafin zai kasance kamar haka a ƙarƙashin dokar da ke aiki a lokacin: za a yafe mata naira 200,000 da kuma kashi 20 cikin 100 na kuɗin, wato naira 1,160,000, a bar naira 3,640,000. Harajin hawa-hawa ne, yana farawa daga kashi 7 cikin 100 a kan naira 300,000 na farko, ya bi ta 11 da 15 da 19 da 21, har ya kai kashi 24 a kan duk abin da ya haura naira miliyan 3.2. Sakamakon shi ne naira 665,600. Da kuma babu rasit ɗin gyara, da ya kai naira 819,200. Wannan fa a kan matar da rabonta a cikin benen tumuni ne kawai, kashi ɗaya cikin takwas, kamar yadda aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta yanka wa matar da mijinta ya bar 'ya'ya.

Rabon gidan nan ya zo da sauƙi, domin bayan tumunin takaba saura kashi bakwai, maza biyu suna da bibbiyu, mata uku suna da ɗai-ɗai. Kowane kashi ya tashi naira 600,000 daga kuɗin hayar, da naira 50,000 daga harajin da aka riga aka cire. Idan aka lissafa wa Hajiya nata rabon kaɗai, tun da ba ta da wata hanyar samu, za a yafe naira 320,000, a ɗora kashi 7 cikin 100 a kan naira 280,000 da suka rage, harajinta ya zama naira 19,600. An riga an biya mata 50,000, ke nan ita ce ma ke da rara a wajen hukuma. Haka lissafin ƙananan 'yan matan biyu yake. Ƙaramin ɗan, wanda ke karatu a Jami'ar Bayero, rabonsa naira miliyan 1.2 ne, harajinsa 78,000, alhali an cire masa 100,000. Babban ɗan ne kaɗai ya ciko, kimanin naira dubu 100, saboda yana da albashi, rabonsa na haya ya hau kan albashin ya faɗa hawan kashi 21. Bai ji daɗi ba da farko, har ya ce, “Umma, ashe ni kaɗai zan biya ke nan?” Ta amsa masa cewa shi kaɗai ne mai ɗaukar albashi a gidan, kuma ba za ta yarda a ɗebi na ƙannensa a cike masa ba. Na ga adalci a wannan amsar, kuma ita ce daidai a doka da shari'a.

Sai dai hukuma ba za ta karɓi wannan rabo da fatar baki ba. Jadawali na biyu na dokar harajin ta 1993 ya tsara cewa kuɗin shigar dukiyar mamaci ana bin kowane magaji da rabon da ya tabbata nasa ne, abin da ba a tabbatar wa kowa ba kuma yana kan wuyan mai kula da dukiyar, a lissafa shi a dunƙule. Ma'anar wannan ita ce jinkirin rabon gado yana da tsada. Mu a Kano mun san yadda ake barin gado shekara biyar, shekara goma, saboda kunya ko gudun a ce an ƙosa, ko don wani babba a dangi yana jin daɗin riƙon, har sai an mutu a kan gadon wani gadon ya hau kansa. A wannan gidan ma Baffa ya so a bari sai ƙananan sun girma. Na gaya masa, cikin girmamawa, cewa ba sai an sayar da benen ko an tsaga shi ba, abin da ake bukata shi ne kotu ta tabbatar da magada da kason kowa a rubuce. Aka je kotun shari'ar Musulunci da shaidu, alƙali ya tabbatar da magadan shida da rabonsu, ya kuma naɗa Hajiya da Baffa su riƙe wa ƙananan nasu. Da wannan takarda, da shaidar rasuwa, da takardar izinin kula da dukiya wadda banki da kamfanin fansho suka nema tun farko, muka rubuta wa hukumar haraji muka sanar da ita rasuwar, muka nemi a rufe fayil ɗin marigayin a kan shekarar 2023, a kuma mayar da naira 400,000 da aka biya da lambarsa a 2024 cikin lissafin magada. Hukumar Kano ce ke da hurumi a kan dukiyar, domin doka ta ce jihar da mamaci ya yi zamansa na ƙarshe ita ke bin mai kula da dukiyarsa.

Rufe fayil ɗin marigayin shi ne ɓangaren da ya fi nauyi a zuciya. Da muka bi littafin hayarsa, muka ga cewa tun 2021 harajin albashinsa yana tafiya daidai, na kamfanin da ke ƙasan benen ana cire kashi 10, amma bai taɓa haɗa kuɗin hayar da albashin ya bayyana su tare ba, na 'yan hayar sama kuwa ba su taɓa shiga ko'ina ba. Ba na zaton ɓoyewa ya yi. Ma'aikata da yawa sun ɗauka cewa da zarar an cire musu haraji a albashi sun fita hakkin hukuma a kan komai. Amma doka ta ba hukuma damar komawa baya har shekara shida, kuma mutuwa ba ta shafe abin da ya riga ya hau kan mutum, ana neman sa ne daga dukiyar da ya bari. Baffa ya kawo maganar cewa malamai sun yi saɓani a kan haraji, ba kamar bashin mutum da mutum ba ne. Ban shiga wannan fagen ba, domin ba nawa ba ne. Abin da na ce shi ne, ko wane ra'ayi mutum ya ɗauka, hukuma za ta nemi kuɗinta daga wanda ya riƙe dukiyar, kuma idan aka raba kafin a biya, su biyun da kotu ta naɗa ne za a tare, sannan su koma bin 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya suna roƙon a dawo da abin da aka riga aka kashe. Hajiya ce ta yanke maganar. Ta ce aya ta ce gado bayan wasiyya ne da bashi, ita kuma ba za ta tsaya tantance wane bashi ne zai tsare mijinta wane ne ba zai tsare shi ba. Mu muka bayyana kuɗin shekara ukun da kanmu, aka lissafa, aka cire abin da kamfanin ya riga ya biya, abin da ya rage bai kai hayar ƙasan benen ta wata shida ba, aka biya shi daga kuɗin marigayin da ke banki kafin a raba ragowar. Sarƙar Hajiya tana nan.

Kafin Janairun 2025 aka buɗe asusu da sunan dukiyar marigayin, wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, aka rubuta wa 'yan haya su daina zubawa a asusun Hajiya. Wannan ya sauke mata nauyin da ba na haraji kaɗai ba, domin a 'yan watannin da kuɗin ya yi a hannunta an fara ƙananan maganganu a dangi, kuma dukiyar maraya wuta ce ko a hannun uwarsa idan babu rubutu. Aka ciro wa kowane magaji lambar harajinsa, aka shigar da bayanan 2024 kafin 31 ga Maris na 2025. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, mai fara aiki daga 1 ga Janairun 2026, ta sauya alƙaluman, inda naira 800,000 na farko ba su da haraji, hawa mafi girma kuma ya koma kashi 25 cikin 100, saboda haka rabon Hajiya na yanzu ya faɗa ƙasa da layin gaba ɗaya. Tambayar wane ne mai kuɗin, da ranar da ya zama nasa, ita dai ba ta sauya ba.

Abu ɗaya ne bai kammala ba. Babbar 'yar tana aure a Kaduna, kuma harajin mutum yana bin jihar da yake zaune ne, ba jihar da gidan hayar yake ba, saboda haka nata bayanin a Kaduna za ta shigar, alhali naira 50,000 da aka cire daga rabonta Kano aka miƙa wa. Mun karɓo mata takardar shaidar cirewar, mun kuma nemi kamfanin ya riƙa rarraba abin da yake cirewa bisa sunan kowane magaji da jiharsa daga yanzu. Mijinta ya karɓi takardun ranar da suka zo ganin gida, Hajiya kuma ta ajiye kwafinsu a cikin jakar fatar, a bayan littafin hayar da ta ci gaba da rubutawa daga shafin da marigayin ya tsaya.